Ɗan Zomo a Ɗakin Yara



Bayan an gama cirar gyaɗa na je Ɗandamisa, a ƙaramar hukumar Maƙarfi, don gaida ƙanwata. Ko takalmi ban gama cirewa ba ɗanta ya ja hannuna zuwa ɗakinsu, ya buɗe wani kwali ya ce, "Kawu, ka ga abin da na saya da kuɗin kalata." Ɗan zomo ne fari, bai wuce dunƙulen hannu ba, ya lafe a lungu. An ajiye masa burodin da aka jiƙa da shayi da guntun karas, amma babu ruwa. Da na tambaya, sai yaron ya dube ni kamar na yi saɓo. "Haba Kawu, ai zomo ba ya shan ruwa. In ya sha mutuwa zai yi."

Ba yaron ne ya ƙirƙiro wannan magana ba, a bakin manya ya ji ta. Ni kuwa ina ganin harshenmu ne ya ja mana, domin suna ɗaya muka ba dabbobi biyu. Zomon da ya cika karin maganarmu, wanda aka ce kowa ya ci shi ya ci gudu, wanda ba bawan giwa ba ne dawa suka tara, na daji ne. A cikin ciyawa ake haihuwarsa, da gashinsa, idonsa a buɗe, kuma raɓa da ɗanyen ganye kan rage masa ƙishi. Na gida kuwa asalinsa ƙasashen Sifen da Fotugal ne, ɗan rami ne. Bayan ciki na kwana 31 ko kusa da haka ake haifo shi tsirara, ido a rufe, sai ya yi kamar kwana 10 kafin ya ga duniya. Ko barbara ba sa yi da juna. Mu kuma sai muka ɗauki taurin ran na daji muka ɗora wa na ɗaki, muka rufe shi a kwali da busasshiyar dusa, muna jiran ya nemi raɓa.

Kuskuren farko tun a wurin saye ake yin sa. Mai sayarwa ya san ƙaramin ya fi shiga ran yaro, sai ya raba shi da uwa yana ɗan sati uku. Alhali ya kamata a bari ya kai sati shida, in da hali takwas, lokacin da cikinsa ya saba da ciyawa. Wanda ya riga ya saya kuma kada tausayi ya sa shi ba shi shayi ko nonon shanu. Zawo zai jawo, kuma zawo a jikin ɗan zomo yakan gama da shi cikin yini guda.

To me zai ci? Nan ne nake so mutanen Maƙarfi da Ikara da Kudan su ji daɗi, domin abin da Bature ke saye a leda da tsada don zomonsa, mu a kan rufin ɗaki da reshen bishiya muke jibge shi. Harawar gyaɗa da ta wake, busasshiya, wadda ba ta yi fumfuna ba, ita ce tuwon ɗan zomo mai tasowa. A bar ta a gabansa dare da rana. Dalili biyu ne. Haƙoransa ba sa daina tsiro har ya mutu, tauna ce ke rage su. In ya rasa abin tauna sai su zarce su hana shi ci. Na biyu, hanjinsa ba ya son tsayawa, kuma zomo ba ya iya amai, duk abin da ya shiga sai ta baya zai fita. Saboda haka in ka ga ya yi rabin yini bai ci ba, bai kuma zubar da 'yan ƙwayoyin kashin nan ba, kada ka ce bari mu gani zuwa gobe.

Dusa ɗan kaɗan ta isa. Ganyen dankalin Hausa da na zogale da makamantansu a shigo da su sannu-sannu, iri ɗaya a lokaci guda, a bar su su ɗan yi yaushi. Karas kuwa, zanen barkwancin Amurka na Bugs Bunny, wanda ya fito a 1940, ya taimaka ƙwarai wajen sa duniya ta ɗauka shi ne abincin zomo. Zaƙi ya yi masa yawa, alewa ce ba tuwo ba. Haka rake, wanda na san a ƙasar Maƙarfi yaro ba zai sha shi kaɗai ya hana abokinsa ba. Idan kuma ka kama shi da asuba yana cin wani kashi mai laushi daga jikinsa, kada ka ce ƙazanta. Halittarsa ke nan, tuƙarsa ke nan, da ita yake samun sauran amfanin abincin.

Abin da ya fi ba ni tsoro a yankinmu shi ne guba. Yaro ya yanko ciyawa a gefen gonar tumatir ko ta rake da aka yi wa feshi jiya. Uwa ta yayyafa fiya-fiya a ɗaki saboda sauro ta ja ƙofa, ta manta da kwali a ƙarƙashin gado. Ga buhun masara a lungu da ƙwayar maganin ƙwari a ciki, ga wayar caja a ƙasa, zomo kuwa ba ya wuce waya bai ɗanɗana ba. Ɗakin da zai zauna sai an bi shi a durƙushe, an duba shi da idon zomo. In daɓen ƙasa ne, ku sani zai yi haƙa. A kan kyanwa da ɓera da ƙwarƙwasa kuma ba sai na yi dogon bayani ba.

Sai kunne. Kowa a nan ta kunne yake ɗaga zomo, har mun ɗauka Allah ya yi masa su ne don mariƙi. Da kunnen nan yake fitar da zafin jikinsa, tunda ba ya gumi kamar mu, kuma cike yake da jijiyoyin jini. In ya yi fizga yana reto, bayansa na iya karyewa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu, a haɗa shi da jiki. Sanyin hunturu bai cika damunsa ba muddin iska ba ta bugunsa kai tsaye. Bazara ce abokiyar gabarsa: zafi in ya haura digiri 30 ya fara wahala, ɗakin kwano kuwa a watan Afrilu kun san yadda yake. A matsar da shi gindin randa, inda yashi ke da sanyi. Wanka kuma ba a yi masa.

Ina roƙon iyaye, kada a fasa masa kafso daga kemis. Maganin da ke warkar da ɗanka, irin su amoksisilin, in zomo ya sha yakan kashe ƙwayoyin halittar da ke narka masa abinci a hanji, shi ma ya bi su. Ga malaman dabbobi a ƙananan hukumominmu, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga cibiyar NAPRI a Shika da ta daɗe tana bincike a kan kiwon zomo. Mai tsofaffin zomaye kuma ya ware baƙo na sati biyu kafin ya haɗa su. A 2020 an tabbatar da ɓullar cutar zubar jini ta zomaye a Najeriya, a jihar Kwara, cutar da kan share akurki cikin kwanaki kaɗan.

A ranar dai na sa yaron ya ɗauko ɗan kasko mai nauyi wanda ba zai kife ba, ya zuba ruwan randa, ya cire burodin, ya yago harawa daga ta tumakin babansa. Muka ja da baya muka yi shiru. Zomon ya daɗe yana motsa hanci, sannan ya matso ya kafa baki, yaron na riƙe da rigata yana jiran ya ga faɗuwarsa. Da ya ɗago sai ya share fuska da ƙafafun gaba, ya juya kan harawa. Ƙanwata ta leƙo ta ce ita dai a gaya wa baƙon ya bar mata tabarmarta, don ya riga ya cinye gefe guda.