Ciyawar Ado Da Tafiya Ganin Dangi

Akwai wata al'ada da ta shigo ƙasar nan tare da Turawan mulki, su suka tafi ita ba ta tafi ba, watau shimfiɗa ciyawa a ƙofar gida don ado. Ba ta dabbobi ba ce, ba ta jinka ba ce, ba a kuwa saƙa zana da ita. Aikinta ɗaya, a dube ta a ce ta yi kyau. Da can sai a Bariki ake ganinta, a gidan Razdan da na Di'o da na likita, lebura na bin ta da langalanga. Yanzu kuwa da akawu ya sami ƙarin girma, ko ɗan kasuwa ya ga ciniki ya buɗe ya gina gida a sabuwar unguwa a Kano ko Kaduna ko Abuja, kafin a dasa itace ko ɗaya sai a ga an shimfiɗe ƙofar gida da ciyawa, an ja tiyo daga famfo.

To, akwai gwaji ɗaya da ya kamata mai irin wannan gida ya yi wa filinsa. Kadan ya kulle ƙofa a tsakiyar rani, ya kwashi iyali ya tafi garinsu ganin dangi mako biyu ko uku, me zai tarar in ya komo? Abin da aka shuka a gida, in ya hana mai gida tafiya, ko kuwa ya lalace don an yi tafiyar, lalle sai ya zama yana biyan wannan wahala da wani abu. Ciyawar ado ba ta biya da kome.

Asalin abin daga Ingila da Faransa ne, wurin manyan masu ƙasa. Wanda ya bar fili mai kyau gaban gidansa bai shuka alkama ba, nuna wa jama'a yake yi ƙasarsa ta fi ƙarfin bukatarsa. Tumaki ke aske masa ita, ko barori da lauje. A shekarar 1830 wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙago keken yankan ciyawa, daga nan masu matsakaicin hali su ma suka shiga. A can abin bai zama wauta ba, gama sama ce ke yi musu ban ruwa. Ruwan da Kaduna ke samu a shekara ya kusa ninka na Landan sau biyu, amma na Landan yayyafi ne da ke sauka kowane wata, na Kaduna kuwa yana zubowa ne cikin wata biyar ko shida, sa'an nan ya ɗauke ƙaf. A Kano da Katsina da Sakkwato ranin ya fi haka tsawo. Ciyawar da aka saba da ita inda ba a san rani ba, ita aka kawo inda rani ya fi damina tsawo.

Mutanen Amurka su suka kai wannan al'ada maƙura. A shekarar 1947 aka fara gina wata babbar unguwa kusa da New York, ana kiranta Levittown, aka sa wa mazaunanta ka'ida kowa ya yanke ciyawarsa sau ɗaya a mako muddin tana tsiro. Daga nan abin ya bazu, har ya zama a garuruwa da yawa in mutum ya bar ciyawarsa ta yi tsawo sai a ci shi tara. A shekarar 2005 masu bincike suka auna da hotunan da aka ɗauka daga sama, suka ƙiyasta ciyawar ado ta rufe kimanin eka miliyan 40 a ƙasar, watau ta fi kowane irin amfanin gona da ake yi wa ban ruwa faɗi. Manomin da ke faɗa da maƙwabcinsa a kan ruwan kwata guda a fadama sai ya dubi wannan lissafi. Shugabansu guda dai ya taɓa yin abin da Bafillace zai yaba: a shekarar 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, Woodrow Wilson ya sa aka kawo garken tumaki suna kiwo a ciyawar fadarsa, aka sayar da gashinsu aka ba ƙungiyar agaji kuɗin.

Wani abin dariya kuma, ɗaya daga cikin irin ciyawar da suke saye da tsada a jihohinsu masu zafi, wadda suke kira Bermuda, ba wata ba ce illa kiri-kiri. Ita ce dai wadda mai lambu ke kwana yana tsine mata.

Su ɗin da suka fi kowa son abin, su ne kuma suka fara tuge shi. Birnin Las Vegas a cikin hamada yake, ruwan samansa kimanin inci 4 ne a shekara, kusan dukan abin da yake sha daga Kogin Colorado yake zuwa, ta tafkin Mead. Tun shekarar 1999 hukumar ruwan yankin ta fara biyan mutane kuɗi su cire ciyawarsu, a 2018 ladan ya kai dala 3 a kan kowace ƙafa ɗaya murabba'i. A 2003 aka hana shimfiɗa ciyawa a gaban sababbin gidaje. A 2021 jihar Nevada ta kafa doka a cire ciyawar da ba a taka ta, irin ta bakin titi da ƙofar ofisoshi, aka ba da wa'adi zuwa ƙarshen 2026. Ba son rai ya sa su ba, gama a watan Yuli na 2022 tafkin Mead ya janye har ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cikarsa. A California ma, da fari ya tsananta a 2015, Gwamna Jerry Brown ya umarci garuruwa su rage shan ruwa da kashi 25 cikin 100, ya ce a cire ciyawar ado mai faɗin ƙafa miliyan 50 murabba'i.

Hukumar ruwan Las Vegas ta ce kowace ƙafa ɗaya murabba'i da aka cire ciyawa aka sa tsiro mai jure ƙishi, ana tsimin galan 55 a shekara. Fili mai yadi 10 tsawo da yadi 10 faɗi ƙafa 900 ke nan, galan 49,500, watau ya haura garwa dubu goma. Gaskiya ne ƙasarsu ta fi ta Arewa bushewa, ba za a ɗauki lissafinsu dungum a ɗora wa Kano ba. Amma a watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke ƙuna, fili mai wannan girma in ana so ya zauna kore shar zai sha abin da ya kai garwa ashirin kowace rana. Mai gida ya tambayi ɗan garuwan unguwarsu nawa ne kuɗin garwa ashirin, ya ninka da kwanakin rani. In kuwa ya ce ai rijiyar burtsatse gare shi, ruwan kyauta ne, to, ba kyauta ba ne ga maƙwabcin da rijiyarsa ta gargajiya ke ƙafewa tun kafin bazara.

Hasarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta ƙafa. Manomi ya san lokacinsa. Da damina ba ya motsawa, ko biki aka yi sai ya aika da gudummawa. In an yi kaka, an kai hatsi rumbu, gona ta huta shi ma ya huta, sa'an nan ne ake bukukuwa, a kai yara su ga kakanninsu, a je gaisuwar da aka daɗe ana bin mutum bashinta. Ciyawar ado ta juya wannan tsari baibai. Da damina ba ta bukatar kowa sai mai yanka, da rani kuwa, daidai lokacin da ƙafa ta sami sarari, kullum sai an tsaya mata safe da yamma. Mai lambun rani shi ma a ɗaure yake, amma shi ran kasuwa yana ƙirga kuɗin tumatir da albasa. A Amurka ma haka take yi musu, don hutun makarantarsu mai tsawo yana faɗowa cikin watannin zafi, Yuni zuwa Agusta, sai mai niyyar kai yara wurin kakanni ya nemi yaron maƙwabta ya biya shi yanka, ya kuma sa wa famfo agogo mai buɗe ruwa da kansa. Wanda ba shi da wuta tsayayya balle agogon famfo, sai ya bar ɗaya daga cikin iyali gadin ciyawa, ko ya taƙaita tafiyar ta koma kwana biyu. An ce zumunci a ƙafa yake. Tsohuwar da ke ƙauye tana jiran jikokinta ba za ta gane ba in aka ce mata ciyawa ce ta sa aka yi saurin komawa.

Masu son ciyawa suna da hujja, ba kuwa ta banza ba ce. Tana kashe ƙura, tana sanyaya ƙofar gida, yara na wasa a kanta ba su ƙuje gwiwa ba. Wanda ya cire ta ya malale filin da siminti ya gudu daga ruwa ya faɗa wuta, don siminti yana shan zafin rana ya riƙa amayo shi har tsakar dare, ruwan sama kuma ba ya shiga ƙasa sai ya kwarara titi ya cika kwata. Mutanen Las Vegas sun gane haka, shi ya sa ba su biyan wanda ya zuba tsakuwa tsura, sai ya dasa abin da in ya girma zai rufe rabin filin. Sun kuma koyi wani darasi da tsada: itatuwan da suka saba shan ruwan da ake ba ciyawa, da aka cire ta aka ɗauke ruwan gaba ɗaya, waɗansunsu suka bushe. Wanda yake da mangwaro a tsakiyar ciyawarsa ya kiyaye wannan, ya yaye shi sannu a hankali.

In don yara ne, a bar musu gwargwadon tabarma uku ko huɗu ta kiri-kiri, a kuma ƙyale ta ta bushe da rani. Ba ta mutuwa, barci take yi, ruwan fari na sauka za ta farfaɗo. Son a gan ta kore a watan Afrilu shi ne ke cin kuɗi.

Wannan taurin rai nata kuwa shi ne wahalar mai son raba ta da filinsa. Jijiyarta na tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kowane guntu da aka bari zai tsiro. Kada a taɓa ta da damina, aikin banza ne. A bari sai bazara, a kafta da galma ko magirbi, a bi da hannu a tsince jijiyoyin, a baza su a rana su bushe ƙurmus, kada a zuba su cikin ramin taki. Bayan mako biyu a yayyafa ruwa, duk inda ta ɓullo a sake tonewa. Mai hali ya jiƙa filin ya rufe shi da farar leda, ya danne bakinta da ƙasa, ya bar shi mako shida cikin zafin Maris da Afrilu, zafin da ke taruwa a ƙarƙashi zai dafa mafi yawanta. Ko da haka za ta ɗan dawo a daminar farko, sai a bi ta da fartanya.

Abin da za a sa a madadinta shi ne inda waɗansu ke kuskure. Sai mutum ya ji an ce ciyawa ba ta da amfani, ya mai da filin fangalin latas da alayyafo, alhali waɗannan sun fi ciyawar ma raki, kwana biyu ba ruwa sun kwanta. Mai son tafiya itace zai dasa. Zogale a jere bakin katanga, ana sare kansa don ya yi rassa. Lalle ya zama shinge. Lemun tsami ɗaya, gwaba ɗaya, in da fili mangwaro, amma a nisanta shi da gini kamar yadi shida ko fiye saboda saiwa da rassa. Tsakaninsu da damina a jefa kuɓewa da yakuwa da rama da kabewa, sama ta shayar da su, kafin rani an tsinke an shanya. Sauran filin a bar shi ƙasa, a share da tsintsiya kamar yadda aka gada. Ran tafiya kuwa ga tsaraba a gida: busasshen zogale, da kuɓewa busasshiya, da garin lalle na mata, da ƙwaryar lemo. Ba a taɓa jin wanda ya kai wa surukarsa damin ciyawar ado ba.

A yi dashen in damina ta zauna, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke. Ranin farko da na biyu kaɗai ne ƙananan itatuwan ke bukatar a kula da su sosai, Salla kuwa tana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ba za a ce kullum da damina za ta zo ba. Dabarar ita ce tulu. A sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da kome ba, irin mai tsatsafo, a binne shi har wuya kamar taki ɗaya daga gindin dashen, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa da kasko don sauro da ƙadangaru. Ruwan zai riƙa tsatsafowa kaɗan kaɗan daidai inda saiwa take, babban tulu yakan kai kusan mako. A rufe ƙasar kewaye da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko yankakken kara, amma kada ya taɓa jikin itacen, saboda gara. A kewaye kowane dashe da ƙaya ko tsohon kwando don awaki. Mai tafiyar mako uku sai ya roƙi maƙwabci ya sa yaro ya cika tulunan sau biyu, garwa biyar ko shida ta isa duka gidan, ya ce masa kuma in zogalen ya yi ganye su tsinka su yi kwaɗo.