Taron kamfani ba bikin unguwa ba ne

Matasanmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango sun kama wata sabuwar sana'a, ta shirya wa kamfanoni taro: bankuna, kamfanonin waya, masu ƙaddamar da sabon kaya. Abin farin ciki ne. Sai dai shekarun da na yi ina riƙe wa Maigida alƙalami, ina tsara zaman naɗi da na sulhu, sun sa ina da ja a kan yadda yawancinsu ke farawa.

Da yaro ya samu jari, sai ya zuba shi a kujeru da rumfuna da fitilu masu launi. A ganina wannan kuskure ne, domin duk ana samun hayarsu. Abin da ba a haya shi ne sanin gari da lokaci. Wanda ya sa taron fili da lasifika a watan da sarakunan Ga ke hana kiɗa da hayaniya gabanin bikin Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni, ya janyo wa kansa rigima, ga shi kuma tsakiyar damina ce. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta wajabta a sanar da 'yan sanda aƙalla kwana 5 kafin jerin gwano ko gangami a bainar jama'a. Janareta kuwa, wanda ya ga zamanin dumsor ba ya buƙatar a tuna masa.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen kuɗi. A bikin unguwa uwar biki ta san mahaifiyarka. In abinci ya gaza, a yi dariya a wuce. Ma'aikacin da ya ba ka aikin kamfani yana da na gaba da shi, kuma in ka makara da rabin awa, kujerarsa ce ke rawa. Kamfani ba ya biya a ranar taro. Sai ka kai takardar neman biya, ka jira wata guda ko fiye, sannan a cire harajin da doka ta ce a riƙe. Mai abinci da mai ɗakin taro kuwa ba su san jira ba.

Bara aka kawo mana ƙarar wani yaro mai hankali. Ya karɓi aiki da baki kawai, a kan mutum 150, sai fiye da 200 suka zo. Ya ci bashi ya ciyar da su don gudun kunya, kamfanin kuma ya ce bai san da ƙari ba. Maigida ya tambaye shi takarda, ya sunkuyar da kai. Abin mamaki, almajiri ne da ya san cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Babur ɗinsa aka sayar aka sallami mai abinci, kuma har yau ba mu ji kamfanin ya sake kiran ɗan zango ba.

Don haka nake cewa mai son sana'ar nan ya fara yin shekara guda a ƙarƙashin wanda ya riga shi, yana ɗaukar kaya yana kallo. In ya tsaya da ƙafarsa, kada ya taɓa kujera sai an rubuta yawan baƙi, da kuɗin kowane ƙarin mutum, da kafin alƙalami, da wanda zai ɗauki asara in an ɗage taron. Ya je ɗakin da kansa tun jajibere, ya gwada makirufo, ya ga inda masu salla za su yi alwala, ya tambayi mai abinci inda ya sayo nama.