Ra'ayinmu: An Canja Mudu, Ba a Rage Kuɗi Ba

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, masu aika kuɗin cefane gida Zangon Kataf da Kafanchan, suna tambayarmu: yaya aka ce hauhawar farashi ta sauka, alhali abin da suke aikawa ba ya kai ƙarshen wata?

Ga yadda abin yake. Kowane wata ma'aikatan Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa sukan bi kasuwanni, birni da ƙauye, su rubuta kuɗin kayan masarufi, sa'an nan a gwada da na watan nan a bara. A Disamba 2024 lissafin ya ba da kashi 34.80 cikin ɗari. A Janairu 2025 sai ga 24.48. Ba araha ce ta sauko ba. Ma'aunin aka sake: aka bar shekarar 2009 aka koma 2024, aka rage nauyin abinci daga fiye da rabi zuwa wajen kashi 40.

Sabunta ma'auni ba laifi ba ne, ya ma daɗe da isa. Amma manomin da annobar 2023 ta cinye wa citta, abinci ne ke lashe kusan duk abin da ya samu.

Kuma adadi guda ake ba Jihar Kaduna duka, an haɗa Zariya da Kafanchan a ƙwarya ɗaya. Muna kira ga ofishin nan da ya riƙa buga farashin kowace babbar kasuwa daban, da Hausa, domin mai aike ya san nawa zai ƙara.