Bin Sawun Cuta Da Rufin Asirin Jama'a

Yau na ɗan ajiye alƙalamin labari domin mu tattauna wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ma'aikatan lafiya suke bin sawun mutanen da suka yi hulɗa da mai cuta a lokacin annoba, da kuma abin da wannan aiki yake yi wa asirin bayin Allah.

Ga yadda aikin yake. Idan aka tabbatar wani ya kamu, sai a zaunar da shi a tambaye shi duk inda ya taka ƙafa a kwanakin baya: wa ya gaisa da shi, motar wa ya shiga, gidan wa ya kwana, da wa ya ci abinci. Sai a bi waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya a sa musu ido, kwana 21 idan Ebola ce, kwana 14 a farkon zamanin korona. Wanda ya nuna alama a killace shi tun kafin ya shafa wa wani.

Ni dai ban ga mai hankalin da zai ce wannan aiki ba shi da amfani ba, domin mun gani da idonmu. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da Ebola. Likita Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ita ma cutar ta kama ta har ta rasu. Ma'aikata suka bi sawun mutum kusan 900, gida-gida, suna auna zafin jikinsu kullum. A ƙarshe mutum 20 ne suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba ta wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da Ebola. Ku duba yawan jama'ar Legas, ku ƙiyasta abin da zai faru da an yi sakaci. Kuma a cikin wannan labari akwai mutum guda da ya zille wa masu sa ido ya tafi Fatakwal, aka yi jinyarsa a ɓoye a otal. Shi ya warke, likitan da ya duba shi ya mutu. Ɓoyewar mutum ɗaya ta kai cutar wata jiha.

To, sai mu tambayi kanmu, me ke sa mutum ya ɓoye? Mu marubuta mun san amsar, domin da ita muke cin abinci. Zirga-zirgar mutum ta mako biyu littafi ce sukutum. Akwai magidancin da yake neman aure uwargida ba ta sani ba. Akwai matar da ta ce za ta dubiya, ta biya gidan iyayenta ta kai musu ɗan abin da ta tara ba da sanin miji ba. Akwai attajirin da ake ganinsa da babbar riga, alhali ya yi sammakon zuwa neman rance. Akwai wadda take zuwa karɓar maganin wata cuta da ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Duk waɗannan ba su yi wa hukuma laifin komai ba, amma idan maganar ta fita aure na iya mutuwa, mutunci na iya zubewa. Yanzu a ce ma'aikaci ya yi sallama a zaure, ya buɗe littafi a gaban maigida da 'ya'ya da maƙwabta, ya ce, "Hajiya, ina da ina kika je ranar Talata?" Don Allah gaskiya za ta faɗa masa?

Mun ɗanɗana irin wannan a Kano. Da aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona ranar 11 ga Afrilun 2020, ba a jima ba sunansa da wuraren da aka ce ya je suka zagaye gari ta WhatsApp, kowa yana ƙara gishirinsa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Duk mai tari da zazzaɓi da ya ga yadda aka yi da wannan dattijo, lissafin da zai yi shi ne gara ya sha maganinsa a ɗaka ya yi shiru. Mai yaɗa sunan yana ganin gargaɗi yake yi wa jama'a, alhali cutar yake taimaka wa ta ɓuya.

Kada a ce wannan halin namu ne mu kaɗai. A Koriya ta Kudu hukuma ta riƙa aika saƙo a waya tana faɗin shekarun mai cutar da jinsinsa da wuraren da ya shiga. Ba a faɗi suna ba, amma mutane suka riƙa haɗa wannan da wancan suna gano ko wane ne, har ana yi wa wasu ƙazafin neman mata. Sai da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta yi magana a watan Maris na 2020. A Singafo kuwa gwamnati ta fito da manhajar TraceTogether, ta yi alkawarin cewa bayanan na yaƙi da cuta ne kawai. A watan Janairun 2021 sai ga minista a majalisa yana cewa 'yan sanda na iya karɓarsu don binciken laifi. Jama'a suka fusata, aka yi doka a watan Fabrairu da ta taƙaita abin ga manyan laifuka. An gyara, amma alkawari ya riga ya karye.

Wannan ya fi ba ni tsoro idan na dubi gida. Tun ƙarshen 2020 aka fara tilasta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, don haka a annoba ta gaba gano mai layi da inda yake zai fi sauƙi. Kuma mu mutane ne da yarda take yi mana wuya. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau a 1996 yana cikin abin da ya sa aka ƙi rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ra'ayina a nan shi ne, bin sawu amana ce, kuma tana da ɓangare biyu. A kan hukuma akwai haƙƙin ta yi tambaya a keɓe, mace ta tambayi mace a cikin ɗaki. Ta tambayi abin da ya shafi cuta kaɗai, wato wa aka haɗu da shi da yaushe, ban da me aka je yi. Wanda aka je wa gargaɗi a ce masa ya yi hulɗa da mai cuta, ba sai an faɗa masa ko wane ne ba. Kada littafin ya isa hannun ɗan sanda ko ɗan siyasa, a kuma lalata shi idan annoba ta wuce. Ma'aikacin da ya ɗauki hoton takardar marar lafiya ya tura wa abokai a hukunta shi kowa ya gani. Muna da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, saura a ga ta yi aiki a kan mai laifi.

A kanmu kuma akwai haƙƙin faɗin gaskiya ko da ɗaci, domin sunan da ka ɓoye yana iya zama na tsohuwar da za ta mutu a dalilinka. Sannan mu kama bakinmu da yatsunmu. Addininmu ya hana bin diddigin aibin mutane, ya kwaɗaitar da suturta ɗan'uwa, kuma ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Idan sunan marar lafiya ya faɗo wayarka, bari ya tsaya a wurinka.

Allah ya kare mu daga annoba, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wassalam.