Ra'ayi: Kyamarar da ke ɗaukar motsin ruwa ta fi ta sabuwar wayarka muhimmanci

Lokacin da Samsung ya fitar da Galaxy S9 a 2018 da kyamara mai ɗaukar hoto 960 a sakan ɗaya, mun yi ta yayata labarin. Amma akwai wata "kyamara" da ba ma maganarta, kuma idan aka jera su, ta wayar ko motsawa ba ta fara yi ba.

Ruwan da ke cikin kofi a kwance yake a ido, amma ƙwayoyinsa ba sa hutawa. Kowace ƙwaya tana riƙe da maƙwabtanta ta wani ɗauri mara ƙarfi da ake kira ɗaurin haidurojin, wanda ke kwancewa ya sake ɗauruwa cikin kimanin fikosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan. Firosesa mai gudun gigahaz 3 tana ɗaukar kusan fikosakan 333 kafin ta yi bugu ɗaya. Kafin kwamfutarka ta yi taku guda, ƙwayar ruwa ta sauya abokai sau ɗari ko fiye.

To yaya ake ganin abu mai irin wannan sauri? Da walƙiyar lesa guda biyu. Ta farko tana zungurar ƙwayoyin, ta biyu tana biyo baya bayan ɗan jinkirin da mai bincike ya tsara, sai a auna launukan hasken da ruwan ya shanye. A sauya jinkirin, a maimaita sau dubbai, a jera sakamakon kamar fim. Tsawon walƙiyar da femtosakan ake auna shi, kashi ɗaya cikin dubu na fikosakan. Ahmed Zewail, ɗan Masar da ya yi aiki a Caltech ta Amurka, ya samu kyautar Nobel a 1999 saboda share wannan hanya.

Wani abokina da muke rubuta manhaja tare ya ce mini wannan wasan masu kuɗi ne. Ban ga laifinsa ba. Na'urar European XFEL da ke Hamburg a Jamus tsawonta kilomita 3.4 ne, mu kuwa caji muke nema. Duk da haka ina ganin ya yi kuskure, kuma sana'armu ce hujjata.

Duk mai rubuta manhaja ya san cewa kod ɗin da ba a gwada ba zato ne kawai. Masu neman sababbin magunguna suna kwaikwayon motsin furotin a kwamfuta da manhajoji irin su GROMACS, kuma yawancin ƙwayoyin da ke cikin lissafin ruwa ne, tunda a cikin ruwa furotin yake aiki. Wannan ruwan na kwamfuta ɗan Adam ne ya ƙirƙiro shi, ɗaya daga cikin sanannun samfuransa, TIP3P, tun 1983 ake amfani da shi. Wa zai tabbatar yana juyawa da saurin da ruwan gaske yake juyawa? Awon lesa na cikin manyan gwaje-gwajen da ke ba da amsa. Idan babu irinsa, manhaja za ta ba ka sakamako mai kyan gani alhali kuskure ne.

Ga wani misali. A 2020, masu bincike da suka yi aiki da na'urar LCLS a Kalifoniya sun auna abin da ke faruwa idan haske mai ƙarfi ya fizge ilaktaron daga ƙwayar ruwa: cikin kusan femtosakan 50 take rikiɗa ta zama wani sinadari mai lalata abin da ya taɓa. Jikinmu galibinsa ruwa ne, don haka wannan na cikin matakan farko na yadda hasken da ake gasa kansa da shi yake aiki.

Ba na cewa mu gina irin waɗannan na'urori. Amma rabin aikin lissafi ne da tace bayanai, kuma nan ƙofa a buɗe take. GROMACS kyauta ce, kod ɗinta a fili yake, ƙaramin akwatin ruwa kuma laftof na iya juya shi. Ni ma a sakandare na tsaya. Idan ka iya Python, sauke ta a ƙarshen makon nan, ka gina akwatin, ka ƙirga tsawon lokacin da ɗauri ɗaya yake yi kafin ya kwance, sannan ka kwatanta da abin da lesa ta auna.