Wa Ya Ba Ku Izini?

Wata sabuwar ɗabi'a ta kunno kai da sunan ci gaba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da wasu ma'aikatan laburare suna kwaso mujallun yaye ɗalibai na shekarun baya, su ɗauki hoton kowane shafi, su watsa a intanet, wai adana tarihi suke yi. Ni dai tambayata ɗaya ce: wa suka shawarta?

Mai karatu ya tuna abin da irin wannan mujalla take ƙunsa: hoto, da cikakken suna, da ranar haihuwa, da sunan tsokana, wani lokaci har da adireshin gidan iyaye. Yarinyar da ta ba da waɗannan tana 'yar shekara 16, don 'yan ajinsu ta bayar. Yau uwa ce, watakila ma kaka, kuma ba ta taɓa amincewa a baje kolinta gaban ɗan damfara da mai garkuwa da mutane ba.

Za a ce mini gara da danshi suna cinye takardu. Haka ne. Duk wanda ya shiga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Ibadan ko Kaduna ya san darajar aikin da Kenneth Dike ya assasa a 1954. Amma a can da ƙafarka za ka je, ka rubuta sunanka, ka faɗi abin da kake nema. Adanawa daban, tallatawa daban.

A 2019, a Amurka, wani hoto da ke shafin Gwamna Ralph Northam cikin irin wannan mujalla ta 1984 ya kusa raba shi da kujerarsa. Shi mai mulki ne, bincikensa ya halatta. To, malamar firamare fa, wane laifi ta yi da za a tono ƙuruciyarta?

Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, amma kafin doka akwai amana. A ɗauki hotunan, a killace su a laburare don masu nazari. In za a fitar, a shafe adireshi da ranar haihuwa, a yi shela tukuna, wanda ya ce a cire nasa a cire ba gardama. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. Abin da ya shiga intanet ma haka yake: ba ya komawa.