Ɗan dakon ƙarshe ne ke ganin kayanka

Duk hutu ina zama a shagon kawuna a Kasuwar Singa, inda ake sarin sukari, taliya da man girki. Idan ɗan kasuwa daga Maraɗi ya sari katan hamsin, kayan sai sun bi hannu da yawa: yaron shago, mai kura, sannan ɗan dakon da zai loda a mota. Kawu yakan ce hankalinsa ya fi tsayawa kan na ƙarshen nan, don shi ke kaɗaita da kaya a bayan mota.

Maganar ta dawo min ne da na ji wani abokina a aji yana cika baki wai tunda ya sauke Tor, ba wanda zai iya taɓa shi a intanet. Tun rufe Twitter da gwamnati ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 muka saba da VPN da ire-irensa, muka ɗauka duk abin da ya ɓoye mu ya kare mu. Ni dai ban yarda ba.

Tor yana bi da saƙonka ta zango uku. Na farko ya san kai waye, bai san inda ka nufa ba. Na tsakiya miƙawa kawai yake. Na ƙarshe bai san ka ba, amma shi ke cire kullin ƙarshe ya kai saƙon shafin da kake nema. In shafin ba ya kan HTTPS, mai wannan zangon yana iya karanta komai, har ya canza. Kuma kowa na iya buɗe zango, ba a tambayar katin shaida.

An sha kama masu yin haka. A 2007 wani ɗan Suwidin, Dan Egerstad, ya buɗe zangunan ƙarshe ya kwashi kalmomin sirrin imel na ofisoshin jakadanci, ya wallafa guda ɗari. A 2014 Josh Pitts ya gano wani zango a Rasha da ke cusa muguwar manhaja cikin abin da mutane ke saukewa. A 2020 mai binciken da ake kira nusenu ya nuna cewa a watan Mayu gungu ɗaya ya riƙe fiye da kashi 23 cikin ɗari na ƙarfin zangunan ƙarshe. Suna hana mutum hawa HTTPS a wasu shafukan kuɗin kirifto, su sauya adireshin Bitcoin da nasu. Ka tura kuɗi, sun tafi ke nan.

To ta yaya ake kama su? Wallahi dabarar Singa ce. In kawu ya ba sabon ɗan dako kaya, ƙirgawa yake, sannan ya buga waya can a sake ƙirgawa. Haka Philipp Winter da Stefan Lindskog na Jami'ar Karlstad suka yi da manhajarsu exitmap: su buɗe shafin da suka riga suka san abin da ke ciki ta kowane zangon ƙarshe, su gwada da na ainihi. In takardar shaidar shafin ta canza, an kama ɓarawo. Rahotonsu na farko a 2014 ya fito da zanguna 25. Hanya ta biyu tarko ce, kamar yadda ake barin kuɗi ƙirgagge a aljihun tebur don gwada sabon yaro. Ana tura kalmar sirri ta bogi, kowane zango da irin tasa, a zauna jira. Ranar da aka gwada shiga da ita, an san ta ina ta zube. Zangon da aka tabbatar da laifinsa, masu kula da jerin zangunan Tor kan sa masa alamar BadExit, a daina fita ta kansa, ko a cire shi gaba ɗaya.

Wani zai ce tunda ana kama su, mene ne abin damuwa? Wanda ya karanta ya yi shiru, bai canza komai ba, bai taɓa tarkon ba, ba ya barin sawu. Wanda aka kora kuma gobe yana iya dawowa da sabon suna. Ban ce a jefar da Tor ba. Yawancin masu zangunan 'yan sa-kai ne masu gaskiya, kamar yawancin 'yan dakon Singa, kuma 'yan jarida da masu fallasa almundahana suna buƙatarsa. Ya ma fi VPN na kyauta, wanda kamfani ɗaya ke ganin ko kai waye da kuma inda kake zuwa.

Shawarata ga 'yan uwa ɗalibai: tun 2022 Tor Browser yana zuwa da tsarin HTTPS zalla a kunne, kada ka kashe shi. In burauza ta yi gargaɗi kan takardar shaidar shafi, rufe, kada ka danna ci gaba. Shafin biyan kuɗin makaranta da na banki sun riga sun san sunanka, ba abin da Tor zai ɓoye maka a can.

Ku kuma 'yan ND2 da HND2 na sashen kwamfuta, exitmap kyauta take kuma lambobinta a buɗe suke. Maimakon a sake kwafo furojet ɗin rijistar ɗalibai da aka yi shekara goma ana juyawa, ku kai wa malamanku wannan, ku nemi izini ku gwada a ɗakin kwamfuta.